Wa Zai Raɗa wa Kusurwar Wasa Suna, Malama ko Yara?

FILIN TAMBAYA DA AMSA KAN RENO DA KOYARWAR ƘANANAN YARA

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce a makarantar nazare, kuma yaran ajina suna tsakanin shekara uku zuwa biyar. A wannan zangon karatu na ware wata kusurwa a cikin aji domin wasan kwaikwayon manya, inda yara za su riƙa zama iyaye ko likitoci ko masu kanti ko direbobi. Na ajiye ƙaramin tebur da kujeru, da 'yan tsana, da tsofaffin jakunkuna da kwalaye. Shugabar makarantarmu ta ce kowace kusurwa a liƙa mata allo mai ɗauke da sunanta. Har na rubuta "Kusurwar Gida", sai abokiyar aikina ta ce da na bari yaran sun zaɓi sunan da kansu. Ina shakkar ko yara masu waɗannan shekaru za su iya, kuma ina tsoron abin ya ƙare da hayaniya da kuka, ko su zaɓi sunan da zan ji kunyar liƙawa. Mene ne shawararku? Daga wata malama.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Abokiyar aikinki ta ba ki shawara mai kyau, sai dai akwai sharaɗi guda wanda ya kamata ki tsaya a kansa tun kafin ki buɗe baki a gaban yaran: kada ki tambaye su sai kin shirya karɓar amsar da za su bayar. Idan a zuciyarki kin riga kin yanke cewa "Kusurwar Gida" za ki liƙa ko da me suka ce, to gara ki liƙa abinki ba tare da kin tambayi kowa ba, domin hakan ya fi gaskiya, kuma ba laifi ba ne malama ta yanke wasu abubuwa ita kaɗai a ajinta.

Dalilin da ya sa nake ganin wannan al'amari ya cancanci a saka yara a ciki shi ne, sunan da aka ba wurin wasa yakan yanke irin wasan da za a yi a wurin. Ranar da kika liƙa "Kusurwar Gida", yaran da suka fi wayo za su zama masu tsaron wannan suna, ta yadda idan wani ya jera kujeru ya ce motarsa ce, za a ce masa nan gida ne, ba a tuƙi a cikin gida. Wasu yaran kuma, musamman maza, za su ɗauka cewa wurin ba nasu ba ne, su daina zuwa. Lev Vygotsky, masanin halayyar ɗan Adam na Tarayyar Sobiyet, ya yi bayani a wata lacca da ya gabatar a 1933 cewa a lokacin da yaro ya hau sanda ya ce doki ce, ya fara raba ma'ana da abin da idonsa ke gani, kuma duk wani yanayi da yara suka ƙirƙira a wasa yana tafe da dokokinsa, domin wanda ya zama likita dole ya yi abin da likita ke yi. Yaron da ya dubi tebur da kwalaye ya ce "wannan asibiti ne" yana yin irin wannan aikin tunani ne. Saboda haka amsar tambayarki ta farko ita ce za su iya, kuma ma suna yi kullum a gabanki ba tare da kowa ya umarce su ba. Abin da za ki ƙara kawai shi ne ki taimaka musu su haɗu a kan suna guda.

Akwai kuma batun haƙƙi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara, wadda aka amince da ita a ranar 20 ga Nuwamba, 1989, ta tanadi haƙƙin wasa a sashe na 31, sannan a sashe na 12 ta ce yaron da ke iya samar da ra'ayi yana da haƙƙin faɗinsa a kan abin da ya shafe shi, a kuma ba ra'ayin nauyi daidai da shekarunsa da hankalinsa. A 1992 wani masani mai suna Roger Hart ya zana wa hukumar UNICEF wani tsani mai matakai 8 na shigar da yara cikin al'amura, inda ya ce matakai 3 na ƙasa ba shigarwa ba ce ko kaɗan, kuma na ukunsu shi ne a tambayi yaro don kawai a ce an tambaye shi. Wannan shi ne abin da na gargaɗe ki a kansa tun farko. Laura Lundy ta Jami'ar Queen's da ke Belfast ta ƙara fayyace batun a 2007, inda ta ce ana bukatar abubuwa 4: a ba yaro fili, a taimaka masa ya yi magana, a samu mai saurarensa, sannan maganarsa ta yi tasiri. Manyan al'amuran makaranta ba sa hannun ɗan shekara huɗu, amma sunan wurin wasansa abu ne da za a iya miƙa masa gaba ɗaya ba tare da wata asara ba.

Yanzu ga yadda za ki tafiyar da abin. Da farko ki jinkirta. Ki roƙi shugabarki ta ba ki mako guda ko biyu kusurwar ta zauna babu allo, ki bar yaran su shiga su yi wasa, ke kuma ki zauna kusa da ɗan littafi kina rubuta abin da suke kiran wurin a tsakaninsu. Makarantun birnin Reggio Emilia na Italiya, waɗanda Loris Malaguzzi ya jagoranta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sun shahara da wannan ɗabi'a ta rubuta maganganun yara da ajiye zane-zanensu domin a gina darasi a kansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma sau da yawa za ki tarar cewa kusurwar da kika ɗauka gida ce, a wurin masu ita ta daɗe da zama kanti ko wurin gyaran mota. Idan kika tambayi yara suna a ranar da suka fara ganin wurin, za su faɗi abin da idonsu ya faɗa a kai, wani ya ce "tebur", wani ya ce "jaka". Idan kuwa sun yi kwanaki suna wasa a ciki, sunayen da za su kawo za su fito ne daga wasan kansa.

Abu na biyu, ki kafa iyaka kafin a fara kawo sunaye, domin dokar da aka faɗa tun farko yara suna karɓarta, amma wadda aka fito da ita bayan an ga sakamako ƙwace ce, kuma suna ganewa. Dokokin kada su wuce biyu ko uku, a faɗe su da kalmomi masu sauƙi: sunan ba zai zama na yaro guda a cikin aji ba, ba zai zama zagi ko tsokana ba, kuma zai zama wanda kowa zai iya faɗa. Duk sunan da bai karya waɗannan ba ya cancanci shiga takara, ko da bai yi miki daɗi ba.

Wajen tattara sunayen, kada ki tara ajin gaba ɗaya ki ce "wane suna za mu sa?", domin yara biyu ko uku masu baki za su mamaye maganar, sauran kuma su maimaita abin da na gabansu ya faɗa. Ki ɗebi yara huɗu ko biyar ki zauna da su a cikin kusurwar kanta, ki fara da tambayar da suka san amsarta: "Me kuke yi a nan? Su wa ke zuwa nan? Idan baƙo ya shigo, ina za mu ce masa ya zo?" Daga nan suna zai fito da kansa. Kowane suna ki rubuta shi da manyan baƙaƙe a kan babbar takarda a gabansu, kina furta shi a hankali yayin da hannunki ke tafiya, kuma ki rubuta shi daidai yadda yaron ya faɗa, kada ki gyara masa. Yaro mai kunya, ko wanda maganarsa ba ta gama fita ba, ko wanda harshen gidansu ya bambanta da na aji, ki ba shi takarda ya zana, ko ki same shi shi kaɗai a wani lokaci ki tambaye shi. Wanda ya ƙi cewa komai kada a matsa masa, domin haƙƙin magana bai zama tilas ba.

Daga nan sai tacewa. Yaro ɗan shekara uku ba zai iya riƙe sunaye goma a kansa ya auna su ba, don haka ki haɗa masu kama da juna a gabansu, kina neman yardarsu, har a rage zuwa biyu ko uku. Kowane suna a yi masa hoto, tun da yawancinsu ba su iya karatu ba tukuna.

Batun ƙuri'a shi ne inda malamai suka fi samun matsala. Ɗaga hannu ba ya aiki da ƙananan yara, domin wasu za su ɗaga a kowane suna, wasu kuma za su dubi abokinsu ko fuskarki kafin su ɗaga. Abin da ya fi shi ne kowane yaro ki ba shi abu guda a hannunsa, kamar bulo na katako ko kati mai ɗauke da sunansa, kuma abin ya kasance babba yadda ba zai shiga baki ba. A gaban kowane hoto ki ajiye kwali mai murfi da 'yar ƙofa a sama, yara su zo ɗaya bayan ɗaya su jefa, yadda na baya ba zai ga wane kwali ne ya fi cika ba. Idan an gama, a zazzage a ƙirga tare da babbar murya. A nan ki kula da abu guda: Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, ya nuna cewa yara masu waɗannan shekaru sukan auna yawa da tsawon layi, ta yadda abubuwa biyar da aka baza za su fi musu shida da aka matse yawa. Saboda haka ki jera layukan kafaɗa da kafaɗa, kowane bulo yana fuskantar ɗan'uwansa, domin su ga da idonsu wane layi ne ya yi saura. Ke kanki kada ki jefa ƙuri'a, kuma ki tsare fuskarki, domin yara sun ƙware wajen karanta abin da malamarsu ke so. Idan aka yi kunnen doki, ki mayar musu da matsalar. Sau da yawa su da kansu za su ce a haɗa sunayen biyu.

Game da sunan da za ki ji kunyar liƙawa, ki rarrabe tsakanin suna mai ban dariya da suna mai cutarwa. Idan suka zaɓi "Asibitin Kada" ko "Kantin Sama", babu abin kunya a ciki, kuma a ganina irin waɗannan sunaye sun fi buɗe ƙofar wasa fiye da waɗanda manya ke zaɓa, domin nan take tambaya za ta taso, shin kadan ne likita ko shi ne mara lafiya. Suna mai cutarwa kuwa dokokinki na farko sun riga sun tare shi. Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne sunan wani tauraro na zane-zanen talabijin. Ba zan ce ki haramta shi ba, amma ki sani yana iya ware yaran da ba su taɓa kallon shirin ba, kuma yakan mai da wasan maimaita abin da aka gani. Idan hakan ya dame ki, ki saka shi cikin dokokin tun farko, ki ce ana son sunan da ajin ya ƙirƙira da kansa.

Allon kuma su ne za su yi shi. Ki rubuta sunan a sarari, su yi masa launi da zane, waɗanda suka fara riƙe fensir su kwafi baƙi ɗaya ko biyu ko da sun karkace. A liƙa shi daidai tsayin idon yaro. Sannan ki riƙa amfani da sunan a maganarki ta yau da kullum, domin idan suka zaɓi suna ke kuma kika ci gaba da cewa "ku je kusurwar can", za su gane cewa zaɓinsu bai wuce takarda ba.

TAMBAYA: Na gwada irin wannan zaɓe a ajina mai yara fiye da arba'in. Wata yarinya da sunan da ta kawo bai ci ba ta yi ta kuka, har ta daina shiga wurin wasan. Shin ba zalunci ba ne a saka ƙananan yara cikin abin da dole wani ya faɗi? Daga wani malami.

AMSA: Malam, ba zalunci ba ne, amma kukan yarinyar yana da dalili, kuma ya dace a fahimce shi. A wurin ƙaramin yaro, sunan da ya kawo wani ɓangare ne na kansa, don haka idan aka ƙi sunan sai ya ji kamar shi aka ƙi. Ra'ayin cewa abin da mafi yawa suka zaɓa shi ke tabbata ba abu ne da ake haihuwar mutum da shi ba, koyonsa ake yi. Mildred Parten, a binciken da ta wallafa a 1932 bayan ta lura da wasan yara 'yan shekara biyu zuwa biyar a Jami'ar Minnesota ta Amurka, ta gano cewa ƙananan sun fi yin wasa su kaɗai ko gefe da gefe, kuma wasan haɗin kai, wanda ake raba aiki a bi manufa guda, yana ƙaruwa ne yayin da shekaru ke ƙaruwa. Zaɓen suna aiki ne na haɗin kai, don haka ba abin mamaki ba ne ya yi wa wasu nauyi.

Abin da za ka yi yanzu shi ne ka same ta ita kaɗai ka faɗa mata gaskiya, cewa ka san ta so sunanta ya ci kuma ka san abin ya ɓata mata rai. Kada ka ce mata "ba komai", domin a wurinta da komai. Kada kuma ka soke zaɓen saboda kukanta, domin darasin da ajin zai ɗauka shi ne hawaye sun fi ƙuri'a ƙarfi. Ka nemo wa sunan nata gurbi na gaskiya a cikin wurin wasan, ya zama sunan 'yar tsana, ko na motar da aka yi da kwali, ko na wata kantar ajiye kaya, kuma ita za ta liƙa shi da hannunta.

A gaba, akwai hanyoyin rage zafin faɗuwa tun kafin a fara. Idan an zo matakin ƙuri'a, a daina alaƙanta suna da wanda ya kawo shi, a bar cewa "sunan wance" a koma cewa "mai hoton kada". A faɗa musu tun farko cewa suna ɗaya ne zai hau allo a wannan karon, sauran za a liƙa su a bango su jira. Mafi muhimmanci, a yanka wa sunan wa'adi. Wurin wasan kwaikwayo yana bukatar sauyi ko da babu batun suna, domin bayan 'yan makonni yara sukan gundura da kaya iri ɗaya, don haka duk lokacin da aka sauya kaya sai a sake zaɓe. Yaron da ya san cewa wata dama na tafe ya fi iya haƙuri da ta yau.

Yawan ajinka kuwa dalili ne na raba aikin. Ka kasa yaran rukuni-rukuni, kowane rukuni ya fitar da suna guda, ko kuma a ba kowane rukuni zagayensa na raɗa suna bi da bi. Idan yawancin yaran 'yan shekara uku ne, zan ba ka shawara ka bar ƙuri'a gaba ɗaya, ka ɗauki sunan da ka ji sun fi kiran wurin da shi a wasansu, ka faɗa musu cewa daga bakinsu ka ji shi.

TAMBAYA: Ni uba ne. Ɗana ya dawo yana ba ni labarin cewa sun kwashe lokaci suna zaɓen sunan wurin wasa. Ba ɓata lokaci ba ne, alhali ya kamata a ce ana koya musu baƙaƙe da lissafi?

AMSA: Malam, damuwarka a kan hanya take, kuma ba zan ce maka wasa maganin komai ba ne. A 2013 Angeline Lillard ta Jami'ar Virginia da abokan aikinta sun bi diddigin binciken da aka yi shekaru da dama kan wasan kwaikwayon yara, suka kammala cewa hujjojin da ake da su ba su kai ƙarfin da za a ce wasan shi kaɗai ne ke haifar da ci gaban da ake danganta masa ba. Don haka duk makarantar da ta ce wasa ya wadatar, ka yi mata tambayoyi.

Amma ka dubi abin da ɗanka ya yi a wannan zama. Ya ga maganar da ta fito daga bakin yaro ta koma rubutu a kan takarda, ya ga inda hannun malama ya fara da inda ya nufa, ya kuma ga cewa rubutun bai canza ba washegari, kuma waɗannan su ne abubuwan da yaro ke fahimta kafin baƙaƙe su yi masa ma'ana. Ya ƙirga abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ya gwada layi da layi domin ya san wanne ya fi yawa, a kan al'amarin da sakamakonsa ya dame shi. Susan Neuman da Kathleen Roskos, a binciken da suka yi a Amurka a farkon shekarun 1990, sun nuna cewa idan aka saka alluna da takardu da kayan rubutu a wuraren wasan yara, yaran sukan ƙara yawan mu'amala da karatu da rubutu a cikin wasansu, kuma su daɗe suna yi. Allon da ke ɗauke da sunan da yaro ya zaɓa yana cikin kalmomin farko da zai iya ganewa da kansa.

Inda za ka sa ido shi ne tsawon lokacin. Zama irin wannan bai kamata ya wuce minti 10 zuwa 15 a lokaci guda ba, a rarraba shi cikin kwanaki kaɗan, domin yara masu waɗannan shekaru ba sa jure dogon zama. Idan kana son ka auna ko an amfana, ka tambayi ɗanka sunayen da aka kawo, da wanda ya ci, da yadda aka gane shi ne ya ci, sannan idan ka je ɗaukarsa ka ce ya nuna maka allon ya faɗa maka baƙin farko.